Gashin Erisa a Cikin Hankici

Ranar Talata ina murza kwaɓin burek, gashin fulawa mai cuku a ciki, waya ta yi ƙara. Wata mata ce daga asibitin Brindisi a Italiya. Ta ce Lumturi ba za ta kai ƙarshen wata ba, kuma tana kiran 'yarta.

Lumturi maƙwabciyata ce a garinmu Vlora, teku ne tsakaninmu da Italiya. Shekara huɗu tana Italiya tana jinyar tsohuwar wasu, ta bar mini Erisa. Uban yarinyar ya ɓace tun tana goye. Ni na yanke wa Erisa gashin fari da ta cika shekara, kuma a wajenmu wadda ta yi wannan ta zama uwa. 'Ya'yana ma ba za su iya aurenta ba.

Washegari da safe ni da Erisa muka je tashar jirgin ruwa. Jami'in da ke taga yaro ne sa'ar autana. Ya duba fasfo biyu, ya ga suna ya bambanta.

"Inna, ina takardar izinin iyaye? Mai hatimin lauya."

Na kwance hankicina, na tura masa gashin ta ƙarƙashin gilashi. Shekara bakwai yana cikin akwatina.

"Wannan fa?"

"Shaida. Da hannuna na yanke."

Ya danne dariya. "Inna, ina zan buga hatimi a jikin gashi?"

"Kai wa ya yanke maka naka? Je ka tambayi uwarka ko baƙo ne."

Ya daina dariya, amma bai buɗe ƙofa ba. Ya ce ana sace yara ta wannan hanya, ba zai iya ba. Jirgi ya tashi muna kallo.

Na ajiye jakata a gindin tagarsa na zauna a kai. Kwana uku muna zuwa tun buɗe tasha har rufewa. Ya ce in jira a gida. Na ce a nan zan jira, ya riƙa ganin fuskar yarinyar. A rana ta biyu na miƙa masa burek.

"Ci, ɗan nan. Hana mutane wucewa ma aiki ne."

Ya ci. Shi ya gaya mini lauya yana iya zuwa har gadon asibiti. Na kira matar nan, aka kai wa Lumturi lauya, ta sa hannu da ƙyar. Wani direban babbar mota, Gezim, ya kawo takardar a jirgin Asabar. A wurin da aka tambayi dangantakata da yarinya an rubuta: babu.

Muka haye ranar Lahadi. Erisa ta yi amai sau biyu a kan ruwa. Mun sami Lumturi da rai. Ba ta iya magana sosai, ta dai sa yatsu cikin gashin 'yarta ta ce wa ya yi wannan mummunan kitso. Na ce ni. Ta yi murmushi. Litinin da azahar ta cika.

Kwana ukun nan nata ne aka cinye a bakin taga, kuma ban yafe ba.

Erisa tana wurina. Gashin na naɗe shi cikin takardar nan mai cewa babu. Kullum da safe kafin makaranta nakan zaunar da ita a gabana in taje kanta in yi mata kitso biyu. Har yanzu karkatacce nake yi.