Hotunan da Na Tura Murhu

Ni na ƙona hotunan, kuma ba zan yi ƙarya ba, ranar har sanyi na ji a raina. A makon ne aka harbe wani mai ganga a bayan layinmu a Lamisula, ba don ya zagi kowa ba, don dai an san shi da kiɗa. Ƙanena Ajimi kuwa algaita yake busawa tun yana ɗan shekara tara, babu bikin unguwa da ba da shi aka yi ba. Na kwashe hotunansa, da takardar yabon da aka ba shi a Njamena, da kaset goma sha ɗaya, na tura murhu. Washegari na ja shi wurin shugaban teloli aka yi masa katin shaidar cewa shi tela ne, mutumin da ko maɓalli bai iya ɗinkawa ba.

Algaitar kaɗai ya hana ni. "Ya Gumsu, in za ki ƙona ta, ki haɗa da ni," in ji shi. Na bar masa abarsa, ya naɗe ta cikin bandir ɗin shadda.

A can Njamena ne, tun kafin rikici, ya haɗu da Rose, wata Baturiya mai busa wani dogon ƙaho na tagulla. Kiɗansu sunansa jaz. Ni dai da ya kunna mini a waya, na ce masa kamar kowa gabansa yake yi, babu mai sauraron wani. Ya ce ai sauraron juna shi ne kiɗan gaba ɗaya. Akwai mai ganga ɗan Senegal a cikinsu, da mai jita ɗan Mali. Duk wata biyu Ajimi zai ce ya tafi Kano saro yadi, ya shiga situdiyo ya busa nasa, a tura wa Rose ta haɗa. Da za su fitar da faifai, na tsaya masa a kai sai da ya ce mata kada ta kuskura ta sa sunansa. Ta rubuta "wani aboki daga bakin tafki".

Shekara uku muna haka. Sai Rose ta turo takardar gayyata: garuruwa shida a Turai, karon farko da za su tsaya kan dandamali ɗaya su huɗun. Ajimi ya daina cin abinci don murna. Ya bi hanyar Damaturu, shinge bayan shinge, har Abuja neman biza.

Ranar Laraba ya dawo da la'asar. Ina tankaɗe a tsakar gida, ya yi sallama ƙasa-ƙasa, ya zauna kan turmi.

"Yaya hanya?" na ce.

"Hanya lafiya. Sun ce in kawo shaidar cewa ni makaɗi ne."

"To ba ga algaitarka ba?"

"A bakin ƙofa masu gadi suka karɓe ta, ba a shiga da ƙarfe. Matar da ke ba da bizar tana bayan gilashi, ta ce hotunan wasa, na ce babu. Takardar yabo, babu. Na nuna mata faifan, ta juya shi gaba da baya, ta ce ina sunanka? Sai ta ɗaga katin telolin nan, ta dube ni."

Na ajiye rariyar.

"Rose fa? Ba ta da hotonku na Njamena?"

"Ta turo guda. Ƙeyata ce kawai ta fito." Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Da na rasa abin yi, sai na hura mata kumatuna, yadda nake yi in ina busa. Na ce ta duba, tela ba ya da irin waɗannan. Mutanen layi suka fashe da dariya, ita ko murmushi ba ta yi ba."

Haushi ya kama ni, na shiga zagin matar da ban taɓa gani ba, da gilashinta, da ƙasarsu. Na ce a sake nema. Ya ce wasan farko saura kwana tara, Rose ta kira tana kuka, za su kunna busarsa daga na'ura, su ajiye kujera babu kowa a kai.

Ya zaro takardar hana shi bizar daga aljihu. Ban iya Turanci ba, shi ya fassara mini a hankali: babu wata alama da ke nuna mai wannan suna makaɗi ne.

Na so ya yi mini faɗa, wallahi da ya fi mini sauƙi. Bai yi ba. Ya ninke takardar, ya sa mini a hannu, ya miƙe.

"Ya Gumsu, shekara uku ina jin ki kina roƙon Allah kada kowa ya gane ni mabushi ne," ya ce. "To, an karɓa."