Masu Gyaran Agogo a Hannun Darakta

Malama tana koyar da lissafi a wata makarantar sakandare, kuma ta rubuta littafi guda wanda ya cinye mata hutun makaranta na shekaru. Labarin wasu tsofaffi ne, wa da ƙani, masu gyaran agogo a shago ɗaya, a kan benci ɗaya, amma ba sa magana da juna tun rasuwar mahaifiyarsu. In ɗaya yana son sukudireba, sai dai ya ƙwanƙwasa tebur.

Da aka buga littafin, kwalayensa suka tare rabin falo, har yara suka mayar da su wurin zama. Mai shagon littattafai ya karɓi kaɗan bayan dogon roƙo, ya jera su a kanta ta ƙasa, bayan kalandu, inda sai mutum ya durƙusa zai gan su. Ta samu aka gayyace ta gidan rediyo, ta kwana tana shirya abin da za ta faɗa. Mai gabatar da shirin, wanda ko bangon bai buɗe ba, ya sanar da jama'a cewa ga marubuciyar littafin koyon gyaran agogo. Duk waɗanda suka bugo waya tambayarsu ɗaya, me ya sa agogonsu ke gudu ko yake latti. Ta dawo gida ko mayafi ba ta cire ba ta kwanta.

Mijinta ne ya kawo maganar fim. Ya ce mutane yanzu kallo suke yi, kuma abokin aikinsa ya san wani darakta. Ofishin daraktan yana saman wani shagon tayoyi, fankar silin ba ta juyawa, warin roba yana hawowa ta taga. Sau da yawa ta je aka ce ya fita duba wurin ɗaukar fim. Ranar da ta same shi, yana sanye da baƙin tabarau a cikin ɗaki, yana amsa wayoyi biyu. Ya ce labarin ya taɓa masa zuciya matuƙa. Ta tambaye shi wane babi. Ya ce bayan bangon dai ya karanta, amma shi daga nan yake gane labari.

"Hajiya, matsala ɗaya ce," in ji shi. "Mutanen nan naki ba sa magana. Mai kallo me zai ji?"

"Rashin maganar ai shi ne labarin."

"To, za su riƙa yin ta kaɗan-kaɗan."

Ta yarda da kaɗan-kaɗan ɗin, don mijinta, wanda ya rako ta ranar, yana ta taka mata ƙafa a ƙarƙashin tebur. Daga nan gyare-gyaren suka riƙa zuwa ta waya, yawanci tana tsakiyar aji. Ƙanin ya koma saurayi, wan ya zama kawunsa. Aka sako wata budurwa mai sayar da turare. Aka ce za a yi waƙa a bakin ruwa. Kowane gyara sai ta yi faɗa, shi kuma sai ya ce ta kwantar da hankalinta, ruhin littafin yana nan daram. Ta kai ko kalmar ruhi ta ji a wani wuri sai ranta ya ɓaci.

Ranar fara ɗauka ta nemi izini a makaranta ta je. Shagon agogon ya zama shagon sayar da wayoyi, da fitilu masu walƙiya. Saurayin yana tsaye ana shafa masa hoda. Daraktan ya tare ta da fara'a, ya ce ya tanadar mata matsayi na musamman: za ta shigo a matsayin mai ciniki, ta tambayi kuɗin caja, ta fita.

A gefe, kan wata kujerar roba, wani dattijon ɗan wasa da kowa ke kira Kawu yana zaune da littafinta a cinya, gefen shafukan duk sun naɗe. Shi aka ba matsayin wan. Ya ce mata shi don bencin nan ya karɓi aikin, ya yi ta gwada ƙwanƙwasa tebur a gida har matarsa ta fara zargin ƙwaƙwalwarsa, sai ya zo aka ce zai kori saurayi da sanda.

Malama ta taka har gaban kyamara, ana cikin ɗauka.

"Darakta, ka cire sunana da na littafina daga wannan abin."

"Haba Hajiya, ruhin..."

"Ka riƙe ruhin, na bar maka."

Kawu ya tashi ya biyo ta, da gemun da aka manna masa. A bakin titi suna jiran mota ya ce yana da shiri a rediyo duk mako, in ta amince zai riƙa karanta littafin babi-babi, ba zai canja ko wasali ba. Ta dube shi da kyau, ta sa ya maimaita maganar wasalin, sannan ta amince.

Ya cika alkawari. Inda tsofaffin suka yi shiru shi ma sai ya yi shiru, har injiniyan tashar ya leƙo ya ga ko na'ura ce ta lalace. Mutane suka fara zuwa neman littafin, kwalaye suka ragu a falo. Fim ɗin kuwa an ce ya tsaya a wurin waƙar, don budurwar ta samu wani aikin.

Wata rana bayan an tashi daga makaranta Malama ta biya shagon littattafai da sabon kwali. Tana tsaye wata mata ta shigo ta ce a ba ta littafin Kawu, na masu agogo. Malama ta ce mata ba Kawu ya rubuta ba, ita ce, ga sunanta a bango. Matar ta dubi bangon, ta dube ta, ta ce Allah sarki, ashe tare suke aiki, don Allah ta gaishe mata da shi.

Malama ta ce zai ji. Ta dire kwalin a kan kanta, ta ce wa mai shagon ya buɗe da kansa.