Ruwan Alwala a Gindin Murtsunguwa

Duk shekarun da Rifkatu ta yi a gidan haya bayan babbar kasuwar Suleja, murtsunguwar nan tana kan tagarta cikin tsohon gwangwanin fenti. Mijinta Istifanus, malamin firamare, bai taɓa ganin kyanta ba: abu kamar taɓarya mai ƙaya, ba ganye ba inuwa. Ita kuwa takan ce ranar da suka tare a gidan kansu, a ƙasa za ta dasa ta, ita ma ta huta da zaman haya. An gama ginin a Gauraka, amma Rifkatu ba ta ga tarewa ba. Ciwon 'yan kwanaki ya ɗauke ta.

Shi ya sa da ya tare shi kaɗai cikin zafin bazara, bai ma gama kwance kaya ba ya fasa gwangwanin. Ya haƙa rami a ƙofar gida, ya cuɗa ƙasar da yashi da tsakuwa, ya dasa ta. Kayan Rifkatu duk an raba wa dangi. Wannan ce kaɗai ta rage masa mai rai, kuma yana tsoron mutuwarta fiye da yadda zai iya gaya wa kowa.

Rana ce ta fara ba shi wahala. Shukar da ta saba da hasken taga ba ta san ranar waje ba, sai gefenta ya ɗashe, ya yi fari kamar ƙuna. Istifanus ya kafa sanduna ya ɗaura tsohon buhu, kullum yana ɗan janye shi kaɗan don ta saba. Ruwa kam bai ba ta ko ɗigo ba. Ya san dokar matarsa: sabon dashe sai saiwa ta warke, kuma ƙishi ba ya kashe murtsunguwa, ruwa ne ajalinta.

To amma fa ƙasar gindinta ta ƙi bushewa.

Bai sha wahalar gano dalili ba. Maƙwabcinsa Malam Bamalli, tsohon tela, shi ya yi musu gadin bulo da siminti lokacin gini ba da ko sisi ba, shi ne kuma ya zauna zaman makokin Rifkatu daga farko har ƙarshe. Da azahar sai ga shi da butarsa da 'yar kujera, ya zauna daf da shukar ya yi alwala, sannan ya juye ragowar ruwan a gindinta.

"Tica," in ji shi yana murmushi, "na ga ka bar baiwar Allahn nan da ƙishi cikin wannan zafi. Na san hankalinka ba ya jikinka, shi ya sa na ɗauke maka. Ruwan alwala ba ya zuba a banza. Ita ta sha, ni in samu lada."

Istifanus ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne: "Na gode, Malam."

Ga inda ya yi wauta, ko da yake wautar tana da dalili. Ya daɗe a garin nan, ya ga yadda ƙaramar magana kan ibada ke tsiro ƙafafu in ta bar bakin mai ita. Kafin ta kai bakin titi wajen masu abinci da makanikai, ta zama Kirista ya hana maƙwabcinsa alwala a ƙofar gidansa. Baki shi ke yanka wuya. Sai ya zaɓi dabara a kan gaskiya.

Ya haƙa 'yar hanya don ruwan ya gangare. Malam Bamalli ya cike ta, yana zagin kajin unguwa. Istifanus ya kewaye gindin da duwatsu. Malam ya yaba da adon, ya riƙa tsiyaya ruwan a tsakiya don kada ya ɓata. Ya ce masa, "Malam, ranar nan ta yi maka yawa, ga inuwar mangwaro can." Malam ya ce ai zafin nan magani ne ga gwiwa. Kowace sallah da butarta, Istifanus kuwa yana leƙe ta labule, yana jin haushin mutumin da bai yi masa komai ba sai alheri.

Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Murtsunguwar ta fara karkata, gindinta ya yi baƙi. Wata rana da la'asar Istifanus ya danna wurin da ɗan tsinke, tsinken ya nutse, wari ya taso irin na ruɓaɓɓiyar kabewa. Ya kawo wuƙa ya naɗe hannu da tsumma, ya sare ta. Ya kwantar da ita a ƙasa yana yankawa daga ƙasa zuwa sama, yana neman inda naman ya yi kore tas don ya sake dasawa. Kowane yanka da baƙi a tsakiyarsa.

A haka Malam Bamalli ya same shi.

"Subhanallahi! Tica, me ya same ta?"

"Ta ruɓe," in ji Istifanus. "Ruwa ne, Malam. Ba ta son ruwa."

"Ruwa?" Tsohon ya dubi butar hannunsa. "Nawa?"

Istifanus bai ɗago ba.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar farko."

"Kana gani ina kashe maka abin marigayiya, kana ce mini na gode?"

"Alwala ce, Malam. Na ji nauyi. Na ce kada a ce..."

"Wa zai ce? Ni da kai ne a wurin." Idon Malam Bamalli ya kaɗa. "Da ka ce mini, Bamalli matsa can, wallahi da dariya zan yi. Alwala ai ba a gindin ƙaya aka wajabta ta ba. Ashe duk zaman nan tsorona kake ji."

"Ba tsoro ba ne."

"To mene ne sunansa?"

Istifanus ya sake yanka, sauran ya koma bai fi dunƙulen hannu ba. Naman ya yi kore, sai wani ɗigon baƙi a tsakiya kamar ƙwayar gero. Ko ruɓar za ta tsaya ko za ta ci gaba, bai sani ba, kuma babu sauran abin yankewa.

"Allah ya ba ka haƙuri, Malam Istifanus," in ji tsohon. Ya ɗauki kujerarsa, ya ratsa ta gaban inuwar mangwaron bai tsaya ba, ya shige zaurensa ya turo ƙofa.

Istifanus ya zauna a ƙasa da guntun a tafinsa, ƙayar ta ratsa tsumman tana sukarsa. Daga bayan katanga ya ji ruwan alwala yana zuba a kan siminti.