Hoton Katin Jana'izar Staf

Wannes ya sauka daga jirgin ƙasa ranar Talata da hantsi, rana ta gasa shi ya yi jawur, jakar kyamarori rataye a kafaɗa. Mahaifinsa, tsoho Staf, ya kwana biyu da rasuwa. Saƙon ya same shi ne a bakin Bahar Maliya, fitowarsa ke nan daga nutson ɗaukar hotunan kifaye, ko gemunsa bai bushe ba.

Yayarsa Lieve ce ta buɗe ƙofa. Shekara tara tana jinyar tsohon ita kaɗai, don haka babu wanda zai ga laifinta da ta hana shi ko sannu da zuwa.

"Mai duniya, an iso? Cire takalmi, yanzu na goge ɗakin."

A kicin ta tura masa kofin gahawa, ta tsaya a kansa.

"Na zaɓi akwati, na ga fadan coci, na faɗa wa mai burodi. Abu ɗaya na bar maka, shi ma don sana'arka ce. Hoton kati. Mai maɗaba'a yana jira zuwa ƙarfe huɗu."

A ƙauyukanmu na Flanders ba a binne mutum babu kati. Ɗan ƙarami ne, hoton mamaci a gaba, addu'a a baya, duk wanda ya zo coci a miƙa masa ɗaya. Tsofaffi suna tara su a gwangwanin biskit. Fuskar da aka sa maka a kai, da ita gari zai riƙa tuna ka.

Wannes har ya ji sanyi a ransa, don ya zaci za ta ɗora masa abin da ya fi wannan. Ya buɗe kwamfutarsa a kan teburin cin abinci yana wani gyara zama. Shekara ashirin da biyu yana yawo da kyamara, kuma shi mutum ne mai tsari har ya yi yawa, kowane hoto da sunansa da ranarsa. Ga rijiyoyin da wata ƙungiyar agaji ta haƙa a Nepal. Ga layin masu karɓar allura a Bangladesh. Ga wata tsohuwar ungozoma a duwatsun Peru, wadda ya yi kwana uku a ƙofar gidanta yana jiran hasken da zai fito da tamojin goshinta. Kifaye kuwa ba a magana.

Ya rubuta "Baba". Hotuna uku suka fito. Na farko ƙeyar tsohon ce a wani biki. Na biyu ɗakin tattabarunsa, babu kowa a ciki. Na uku hannuwansa riƙe da tattabara, hoto mai kyau na gaske, har wata mujalla ta taɓa buga shi, amma daga wuyan hannu ya tsaya.

Ya sake rubuta "Staf". Ya rubuta "gida". Ya rubuta "Kirsimeti". Zufa ta fara tsattsafo masa duk da sanyin ɗakin.

Ba wai bai taɓa ɗaukar uban ba ne. Duk Kirsimetin da ya samu zuwa yana ɗauka. Amma Wannes yana da doka, wadda yake taƙama da ita a gaban ɗalibai: hoton da ya yi dishi-dishi ba ya kwana a kyamararsa. Shi kuwa tsohon ciwon karkarwa ya kama shi, kansa ba ya tsayawa wuri ɗaya, falon ga duhu, gwanin kuma ba ya kunna fitilar kyamara, wai tana kashe hoto. Sai ya duba, ya tsuke baki, ya goge, ya ce sai bazara in haske ya yi kyau. Bazara kuwa lokacin nutso ne.

Lieve ta leƙo ta bayansa tana goge hannu da tsumma.

"Ina yake?"

"Ina dubawa."

"Wannan mene ne? Kunkuru?"

"Lieve, don Allah."

"A'a, tambaya na yi. Nawa gare ka irinsa?"

"Ban sani ba. Da yawa."

"To mu sa shi mana. Ai da shi kuka fi shaƙuwa."

"Na ɗauke shi, wallahi na ɗauka. Ba su fito da kyau ba ne."

"Ba su fito da kyau ba." Ta yi wata dariya marar daɗin ji. "Shekara tara ina share masa yawu, ban taɓa jiran ya fito da kyau ba."

Kunya ta rufe shi, tare da haushin da bai san wanda zai sauke wa ba.

Suna cikin haka Madam Irma, maƙwabciyarsu, ta turo ƙofar baya da tukunyar miya. Gwauruwa ce mai shekara saba'in da ɗoriya, ba ta taɓa ƙwanƙwasa ƙofar gidan nan ba. Da ta ji abin da ake ciki sai ta ajiye tukunyar ta laluba aljihu.

"Yo ai ina da guda. Ku tsaya. Wannan jikata ce. Wannan magen ce. Yauwa, ga shi."

Wannes ya karɓi tsohuwar wayar. Staf ne a tsakar gida, ya ɗaura taye, tattabara a hannu, ya wage baki yana dariya har ana ganin giɓinsa. Hoton a karkace yake, fuskar ta yi hazo, ga yatsan Madam Irma ya cinye kusurwa guda.

"Ai kai ma kana da shi, ɗana. Ranar da ya cika tamanin ne. Shi ya nemi tayen da kansa, mun fi rabin awa muna kokawar ɗaura shi. Ya ce, Irma, ɗauke ni ki tura wa yaron nan ya ga ina nan da ƙarfina. Har ka amsa, ka turo mana alamar babban yatsa. Ya yi sati yana nuna wa mutane."

Nan take Wannes ya tuna. A filin jirgin Manila ne, yana kan layi. Ya buɗe, ya ga karkacewar da yatsan, ya danna amsa, ya goge.

"Zan iya gyara shi," ya ce murya ƙasa-ƙasa. "In miƙar da shi, in ƙara masa haske..."

"Kada ka taɓa shi." Lieve ta zare wayar daga hannunsa. Haka aka kai shi maɗaba'a, yatsan kawai suka yanke.

Ranar Juma'a aka binne Staf. Bayan coci jama'a suka cika zauren unguwa ana shan gahawa da burodi da cuku, kowa da katinsa a gefen faranti. Tsoho Remi, abokin Staf na tseren tattabaru, ya kamo hannun rigar Wannes, ya ɗaga katin sama, da muryarsa ta kurma da ake ji har ƙofa.

"Kai ka ɗauka, ko? Na gaya musu! Wa zai fito da wannan dariyar daga bakin Staf in ba ɗansa ba? Mu sai tsaki yake mana!"

Kowa a teburin ya juyo, ana jiran amsa. Madam Irma ta sunkuyar da kai tana juya cokali a kofinta. Lieve na tsaye da butar gahawa, ta kafe shi da ido.

"Ni ne," in ji Wannes.

"Ban faɗa ba! To sa mini hannu a baya, in ajiye."

Aka miƙo masa biro. Ya rubuta sunansa a ƙasan addu'ar. Kafin ya ɗago, mutum shida sun tashi da katunansu sun yi layi a bayan Remi.