Ranar da Sista Ta Kwanta a Ɗakin Gaggawa

"Kar ki yi gudu, Maman Biyu. In kika faɗi a matakala, mu biyu za a kwasa."

Haka Sista ta ce min tana zaune a ƙasa, ta jingina da ƙofarta, hannu ɗaya dafe da ƙirji, gumi ya jiƙa wuyan rigarta. Ina shirin shanya na ji tana buga bangon da ya raba ɗakunanmu. Kafin in iso har ta kashe risho, ta sa takalmi, ta tauna ƙwayar magani.

"Zuciyata ce. Ki ce wa Baban Biyu ya tada mota. Ki ɗauko min wayata a kan firji."

Sista maƙwabciyarmu ce a bene, tsohuwar nas ce. Duk rayuwarta a ɗakin gaggawa ta yi ta: ta fara a babban asibitin garinmu, ta tafi wata ƙasa mai sanyi ta yi shekaru, sannan ta dawo inda ta fara har ta yi ritaya. 'Yarta guda, wadda take kira Auta, can ta zauna, ita ma aikin take yi. A layinmu da wuya ka sami gidan da Sista ba ta taɓa shiga da jakarta ba.

A mota ni ce mai kuka, ita ce mai hira.

"Da a can ne," ta ce tana jan numfashi, "waya kawai zan buga. Kafin in gama sa takalmi motar asibiti ta iso, da mutum biyu da na'urarsu."

"To ai ga ni, Sista," in ji mijina, Baban Biyu. "Yau ni ne motar asibitin."

"Motar asibiti ba ta faɗawa rami. Bar hon ɗin nan ka kalli gabanka."

Mun tarar da ɗakin gaggawa a cike. Wata motar haya ta kife da safe, an kwaso mutane. Wasu a gado, wasu a benci, wasu a ƙasa kan kwali, ana riƙe musu ledar ƙarin ruwa da hannu. Nas biyu ne kacal ke zagaya su duka. Ɗaya daga cikinsu, wata doguwar yarinya da Sista ta koya wa aiki, tana hango mu ta saki abin da ke hannunta.

"Sista!"

"Doguwa, ba ihu. Ƙirji ne, yana sauka hannun hagu. Na sha abin da ya kamata."

Gado ɗaya ya rage, mai taya, kusa da ƙofa. Doguwa ta kwantar da ita, ta sa mata iska a hanci, ta jawo na'urar duba bugun zuciya, wadda ita kaɗai ke aiki a ɗakin, ta manna mata wayoyi. Likita ya zo ya duba, ya aika a nemo wata allura, aka kira shi wani gadon.

Sista ta ce in kira mata Auta ta bidiyo. Auta ta ɗauka nan take. Tana bakin aiki, sanye da shuɗin kaya, bayanta wani dogon baranda fari fat, ba kowa a ƙasa. Ta ce in juya wayar ta ga na'urar. Tana gani muryarta ta canja.

"'Yar'uwa, a kai ta ɗakin da ake buɗe jijiyar zuciya. Yanzu."

"Ba mu da shi a nan, Anti," in ji Doguwa. "Sai babban birni, kuma ba za ta jure hanyar ba."

"Allurar narkar da gudan jini fa?"

"An tafi nema."

"Ku nawa ne a kan aiki?"

"Mu biyu."

Auta ta waiwaya bayanta. Can ta ce, kamar da kanta take, "Mu nan mun fi goma, kuma kullum muna ƙorafin mun yi kaɗan." Sai ta fashe: "Mama, sau nawa na ce ki dawo wurina?"

"Auta, ba yanzu ba."

Na lura idon Sista ba ya kan wayar. Wani mutum take kallo a ƙarshen benci, birkila ne, wandonsa duk siminti. Ba ya cikin masu hatsarin mota. Daga saman gini ya faɗo, ya taso da ƙafarsa ya zo, ya zauna yana jiran layi. Ba jini a jikinsa, ba ya ko nishi.

"Doguwa. Mai simintin can. Taɓa min cikinsa."

"Ya ce ba abin da ke damunsa sai ƙishirwa, Sista."

"Dubi leɓensa."

Doguwa ta je ta ɗaga rigarsa ta danna. Na ga fuskarta ta sauya. Ta ɗaga murya ta kira likita, ta ce jini ne ke zuba a ciki. Aka shiga neman abin da za a tura shi ɗakin tiyata, babu. Kafin in ankara Sista ta fara ɓalle wayoyin ƙirjinta ɗaya bayan ɗaya.

"Mama, kar ki cire!"

"Auta, ke ma kin sani, kallo kawai na'urar nan take yi min. Na riga na san abin da za ta faɗa. Maman Biyu, kama ni in koma kujera. A zaune na fi samun numfashi."

Na kama ta. Jikinta sanyi ƙalau, amma ƙafarta ba ta yi rawa ba. Aka ɗora birkilan a gadon, aka tura shi da gudu tare da na'urar. Yana wucewa ya juyo yana kallon ta, bai ma san me ya faru ba.

Doguwa ta dawo ta durƙusa gaban kujerar, ta ɗora yatsu a wuyan hannun Sista tana jin bugun.

"Na ji kin ci jarrabawar fita ƙasar waje," in ji Sista a hankali.

Doguwa ta sunkuyar da kai.

"Meye na kunya? Ki je. Ki ga yadda aiki yake in safar hannu ba ta ƙarewa, in an ce miki je ki ci abinci kuma ki tafi da gaske. Ki huta, 'yata, bayanki ya miƙe. Abu ɗaya dai, ki shirya riƙe hannun tsofaffi. Da yawa na rufe wa ido a can, ba wani nasu a bakin ƙofa."

Na waiwaya bakin tamu ƙofar. Labari ya riga ya kai layinmu. Mai shago ya rufe shago ya zo, ga mai wanki, ga matar direba da goyo, ga samarin da ta ɗinke wa goshi suna yara. Mai gadi yana tura su baya, suna leƙowa ta saman kafaɗarsa.

"Maman Biyu, riƙe wayar da kyau. Ba na ganin yarinyata."

Na riƙe da hannu biyu. Ta daɗe tana kallon Auta. Ta ce, "Kin rame." Daga nan leɓenta ya ci gaba da motsi, salati take yi, har kanta ya kwanto a kafaɗata.

Suka shimfiɗe ta a ƙasa. Doguwa ta hau danna ƙirjinta, likita ya karɓa, ta sake karɓa. Daga cikin wayar Auta na cewa, "Ku ci gaba. Ƙara nauyi, 'yar'uwa. Ku ci gaba." Wanda aka aika neman allura ya shigo a guje yana haki, ya tsaya da ledar a hannu. Gumi na ɗiga daga haɓar Doguwa, ta ƙi ɗagowa.

Auta ce ta tsayar da su. Muryarta ba ta karye ba.

"Ya isa. Ku bar ta haka. Na gode, 'yar'uwa. Kin yi daidai, ba abin da kika rage."

Birkilan ya rayu. Saifarsa ce ta fashe, aka cire. Wannan daga baya muka ji.

A lokacin dai, bayan an rufe Sista da farin zane, Doguwa ta je bakin famfon da ke lungun ɗakin. Ta daɗe tana wanke hannu, tsakanin yatsu, bayan hannu, har gwiwar hannu, ruwa na zuba, ba ta kallon kowa. Sai ga wata mata a bakin ƙofa da yaro a kafaɗa, kansa na lilo. Doguwa ta kashe famfon, ta goge fuska da damtsenta, ta miƙa hannu biyu ta karɓe shi.