Kunyar Ɗiyar Fari

Unguwar da Dalhatu ya kama musu ɗaki a bakin garin Gummi ko suna ba ta gama samu ba. Wasu su ce Bayan Makaranta, wasu su ce Sabon Fegi. Gidaje ne na bulo, kowanne da doguwar katanga da ƙyauren ƙarfe, kai ka ce kowa zinariya ya binne a tsakar gida. A Zugu, inda suka baro bayan 'yan bindiga sun sake shigowa, danga ce kawai tsakanin gida da gida, in ka yi tari maƙwabciya ta ce maka sannu. Nan kuwa wata biyu cur matarsa Zubaida ta yi, ba wadda ta leƙo ta.

Gudun ya raba gidan biyu. Inna Rabi, uwar Dalhatu, ta bi babban ɗanta zuwa Anka, da alkawarin in ta sami wurin shimfiɗa tabarma za ta aiko a kai mata Luba. Ita Luba, 'yar shekara huɗu, Zubaida ce ta haife ta, amma ta Inna ce. Ɗiyar fari ce, kuma a gidan da Zubaida ta tashi mace mai kunya ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta nuna ya dame ta. Tun daga yaye Inna ke mata wanka, ita ke goya ta, ita ke sanin ta ci ko ba ta ci ba. Zubaida "yarinyar nan" take cewa, yarinyar kuma tana ce mata Yaya. Kada wani ya ɗauka rashin so ne. Tana son ta har cikin ɓargo, sai dai so ne da aka koya masa sunkuyar da kai.

Ranar da Dalhatu ya tafi fadama yankan shinkafa na mako guda, da wayar gidan a aljihunsa, ranar zazzaɓi ya kama Luba. Zubaida ta dafa ganyen dogon yaro ta yi mata wanka, ta dama kunu, yarinyar ta kurɓa sau biyu ta amayar. Ko taɓa goshinta za ta yi sai ta waiwaya, alhali ba kowa a ɗakin sai jaririnta Naziru. A Zugu da tuni Inna ta saɓa ta a baya ta nufi wurin malamin asibiti. A nan ko inda asibitin ya fuskanta Zubaida ba ta sani ba.

Kashegari ta ɗauki jarka ta tafi famfon unguwa, ba don ruwa ya ƙare ba. Ta tarar da Safara'u, dattijuwar da katangarsu take haɗe, wadda sau da yawa take jin muryarta tana faɗa da awaki. Suka gaisa. Safara'u ta tambayi yara, Zubaida ta ce lafiya lau. Jarka ta cika, ta tumbatsa, ba ta ɗauke ba. Can ta daure ta tambaya ko akwai wurin magani kusa. Dattijuwar ta dube ta, ta ce wa ke ciwo? Maganar ta zo har bakin Zubaida. Sai ta ga mata biyar a layi, duk baƙi, duk kunnuwa a buɗe, ta ji kamar gobe za a ce baƙuwar nan ta ƙauye ba ta da ta ido, a gaban jama'a take kukan ɗiyar fari. Ta ce ba kowa, tambaya ce kawai. Safara'u ta ce to madalla, hankalinta ya koma kan bokitinta.

Zubaida ta koma gida tana jin haushin kanta, tana kuma lallashin kanta cewa zazzaɓin kaka ne, gobe zai sauka.

Bai sauka ba. Da hantsin rana ta uku Luba ta sanƙare, idanu suka juye, haƙora suka datse. Nan kunya ta watse. Zubaida ta goya ta, ta rungumi jariri a ƙirji, ta fita ko takalmi babu. Rabon da bayanta ya ɗauki yarinyar nan tun ranar yaye, kuma rashin nauyinta ya ba ta tsoro. Wani mai facin taya ya nuna mata hanya. Ashe ɗan asibitin unguwar layi biyu ne kacal a bayan gidansu, wani gini mai shuɗin fenti da kullum take hangen rufinsa in tana shanya.

Malamar asibitin, Agnes, 'yar Zuru ce da ta daɗe tana aiki a yankin. Ta karɓi yarinyar ta kwantar, ta tambayi sunanta. Zubaida ta sunkuyar da kai. Agnes ta tambayi ɗiyar wa ce.

"Ta Inna ce," in ji Zubaida.

Agnes ba ta sake tambaya ba, ta sha ganin irin wannan. Ta ja fatar idon Luba ƙasa, ciki fari fat. Ta yi mata allura, ta ce jini ya ƙare, sai babban asibiti cikin gari, yanzu-yanzu. Da kanta ta tare keke ta shiga tare da su. Ba su kai kasuwa ba, hannun da ke riƙe da gefen mayafin Zubaida ya saki.

An aika wa Dalhatu fadama. Kafin la'asar an kai Luba makwancinta.

Ranar ce unguwa ta san Zubaida. Ƙyamaren ƙarfe suka buɗe, mata suka cika tsakar gidan da tabarmi da kwanukan abinci. Ta koyi sunayensu ɗaya bayan ɗaya: mai ƙosai, matar malamin makaranta, da wata wadda ashe ita ke sharar ɗan asibitin, ƙofarta na kallon tasu. Mutanen kirki ne, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Ta zauna da jariri a cinya, ido a bushe, suna ta yaba haƙurinta.

Da jama'a suka ragu, Safara'u ta matso kusa, ta rage murya.

"Ɗiyata, jiya ga bakin famfo na tambaye ki. Mi yas sa ba ki hwaɗa min ba?"

Zubaida ta daɗe tana kallon tabarma. So take a zage ta. So take tsohuwar ta ɗaga hannu ta kwaɗa mata mari, ko ta samu abin da za ta yi kuka a kansa.

"Ta hwari ce, Gwaggo," ta ce.

Safara'u ta yi ajiyar zuciya, ta gyaɗa kai a hankali. Ta dafa kafaɗarta, ta ce Allah ya yi wa iyayen da suka rene ta albarka, irinta sun yi ƙaranci a zamanin nan. Sannan ta tashi ta hau tattara kwanuka.