Bakin Baba Akawu

"Ka mayar masa da ita yadda take," in ji Mama, matar maƙwabcina Baba Akawu. "Ni ban ce ka ƙawata komai ba. Yadda take jiya kawai."

Ina durƙushe gaban teburin, gumi ya jiƙe mini riga tun kafin rana ta ɗaga. Kwamfutar ta gama kunna kanta karo na uku, ta sake buɗewa da sabuwar fuskar nan mai shuɗi, rubutu ƙanana kamar jerin tururuwa. A gadon da ke manne da teburin, Baba Akawu yana jingine da filo uku, idanunsa a kan allon. Babban yatsansa na hagu ya murza ƙwallon linzamin, kibiya ta yi fit ta ɓace a kusurwa. Ya sake murzawa, ta faɗa ɗaya kusurwar. Wani gurnani ya fito daga maƙogwaronsa.

"Yanzun nan, Mama," na ce. "Saiti ne kawai ya goce."

Ƙarya nake yi, ban san inda saitin yake ba.

Ƙofata da ta Baba Akawu suna kallon juna a bene na biyu. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana buga tafireta a ofis kafin ya ajiye aiki. Shekara huɗu ke nan da ciwon shanyewar jiki ya kwantar da shi, ya tafi da harshensa, ya bar masa idanu da yatsa ɗaya. Wani ma'aikacin asibiti ne ya saita masa kwamfutar a lokacin: haruffa manya-manya a kan allo, da linzami mai ƙwallo a sama. In ya kai kibiya kan harafi ya tsayar da ita, harafin sai ya fito da kansa, tunda ba shi da ƙarfin dannawa. In ya gama, wata murya ta karanta wa Mama, don ita ba ta karatu. Da wannan na'ura yake neman ruwa, da ita yake faɗa, da ita yake tsokana. Ni da nake da shagon buga takardu a ƙasan benen, ya taɓa rubuta mini: "Mai Kwafi, kai ma kwafin babanka ne, sai dai tawada ta ƙare kafin a kai kan gashi."

Wani saƙo ne ya dinga fitowa yana rufe masa haruffa, wai a sabunta babbar manhajar kwamfutar. Mama ta kira ni da yamma yana barci. Na ce aikin minti ashirin ne, na danna. Da ta gama sai ta yi kukan cikinta ya cika, ni kuma don in nuna gwaninta na goge tsohon tsarin da ta ajiye a gefe, wanda da shi ake komawa baya in an samu matsala. Na sauka shago ina jin na yi aikin lada.

Washegari da sassafe Mama ta buga mini ƙofa. Da la'asar ɗin ranar likita ya zo, saboda numfashin Baba ya fara fita da ƙara. Ya daɗe da abin awo a ƙirjinsa. A baranda ya tsayar da mu.

"Ruwa ya taru a huhun," ya ce. "Ko na kai shi asibiti, gado kawai za a canza masa. In akwai 'ya'ya a nesa, a kira su."

"Kwana nawa?" in ji Mama.

"Mama, wannan ba a hannuna yake ba. Amma kada a ce sai mako mai zuwa."

Ta juyo ta dube ni. Da ma zagina ta yi.

'Yarsu ɗaya ce, tana aiki can nesa, tafiyar kwana biyu a mota. Na kira ta ina tambayar wanda ya yi saitin. Ta ce ba ta riƙe sunansa ba, ta ji ma ya bar asibitin tuntuni. Muryarta na yankewa, abin da na iya ji kawai shi ne, "Yaya, don Allah ku riƙe mini shi." Kamar a hannunmu yake.

Ban buɗe shago ba. A ranar na samo inda ake ƙara girman rubutu. Washegari da safe na samo allon haruffan, na rage wa kibiya gudu har ta koma tafiyar hawainiya. Na ɗora yatsan Baba a kan ƙwallon. Ya ja kibiyar a hankali, ya kai ta kan wani harafi, ya tsaya. Muka jira. Ba abin da ya fito. Ya ƙara jira, jijiyar wuyansa ta miƙe, yana ƙoƙarin danna maɓallin da shekara huɗu bai iya dannawa ba. Hawaye ya gangara cikin kunnensa.

"Magana yake so ya yi," in ji Mama. "Na san shi. Tun shekaranjiya akwai abin da ke cinsa."

Na kira wani abokina mai gyaran kwamfuta. Ya ce in goge komai in loda tsohuwar manhajar. Na ce saitin fa? Ya ce ai wannan ya bi ruwa, sai an sake. Na tambaye shi inda ake sa harafi ya fito ba tare da an danna ba, ya yi dariya ya ce shi bai taɓa jin kwamfuta mai karanta zuciya ba. Na kalli bidiyo ya fi goma a waya, kowanne yana nuna wani shafi da babu irinsa a gabana. Na shiga saitin linzami, na shiga na madannai, na shiga na masu buƙata ta musamman, na fito na sake shiga, kamar wanda ya jefar da makulli yake ta lalube aljihu ɗaya.

Da abin ya ƙi, na yago kwalin takarda daga shago na jera haruffa da alƙalamin maka. Na ce, "Baba, zan riƙa nunawa, in na zo kan wanda kake so ka ƙifta ido." Amma fatar idonsa rawa take yi da kanta, ga hawaye. Bayan doguwar wahala muka tsira da harafi ɗaya, K.

Mama ta durƙusa ta kama gefen katifar.

"Kira? In kira 'yarka? Tana hanya, Malam. Kai ne ke ciwo? Kujera kake so? Katifar ce ta dame ka?" Yana ta lumshe ido yana buɗewa. "Ko kabari ne? Kana da inda kake so a sa ka?"

Sai ya rufe ido gam, ya ƙi buɗewa. Yatsan kaɗai ke motsi a kan zanin gado, yana murza ƙwallon da babu.

Na fita baranda na jingina kai da bango. Matata ta same ni a nan. Ta ce in zo in huta, na ce da wace fuskar? Mutumin da ciwo ya bar wa ƙofa ɗaya tak, ni na zo da hannuna na sa mata kwaɗo.

Safiya ta uku numfashinsa ya koma kamar ana jan zarto. Na zauna gaban allon ba don ina da sauran dabara ba, sai don ba zan iya zama a wani wurin ba. Ina ta yawo da kibiya a kan haruffan, sai idona ya faɗa kan wani ɗan maɓalli a can ƙasan allon haruffan kansa, wanda tun jiya nake wuce shi. Na danna. Wata 'yar taga ta buɗe. A layi na biyu ga shi nan: harafi ya fito in kibiya ta tsaya a kansa. A ƙasa har da wurin zaɓar tsawon jiran.

Ban san na yi ihu ba sai da Mama ta shigo da gudu, kumfar sabulu a hannu.

Muryar dai ba ta dawo ba, lasifikan sun mutu tun ranar sabuntawar, na kuma rasa kansu. Na ce, "Baba, rubuta, ni zan zama bakinka."

Ya buɗe ido. Na ɗora masa yatsan. Kibiya ta fara rarrafe, ta wuce harafin, ta dawo, ta tsaya. K ya fito a sama, baƙi, ƙato. Mama ta toshe baki da gefen zaninta. Sai I. Ya huta, ƙirjinsa na sama da ƙasa. Kowane harafi sai ya ci kusan minti biyu.

"Ki," na karanta. Can na ƙara, "Ki ci."

"In ci me? In ci gaba da haƙuri? Zan yi, Malam, zan yi."

Bai kula ta ba. A. B. I. Tun kafin ya ƙarasa na gane, amma ban tari numfashinsa ba, na bar shi ya kai aya da kansa.

"Ki ci abinci," na ce.

Sai a lokacin na lura da kwanukan da matata ke aikowa, jere a kan firji, ko murfi ba a ɗaga ba. Na lura da yadda leɓen Mama ya tsage. Ni ina kallon allo, shi yana kallon matarsa.

"Yanzu kai," in ji Mama, dariya da kuka suna kokawa a bakinta, "kwana uku ka hana mu sakat a kan wannan? Ni na zaci wasiyya ce. Faɗi wata maganar, Malam. Faɗi ta kirki."

Ya ɗauke yatsan daga ƙwallon, ya zuba mata ido. Shekara arba'in da shida tare, ta san wannan kallon. Ta tashi ta haɗo shayi da burodi, ta jawo kujera daidai fuskarsa. Tana ci yana bin kowace loma da ido, har ta juya masa kofin ya ga babu komai.

Na matso. "Baba, ni na jawo wannan. Ka yafe mini."

Yatsan ya koma kan ƙwallon. Kibiya ta gangara ƙasa, ta yi hagu, ta ɗan yi sama, ta tsaya a fili tsakanin haruffa biyu. Na jira. Da na waiwaya, barci ya ɗauke shi.

Bai farka ba. Ya cika bayan azahar, hannunsa a cikin na Mama. 'Yarsu ta iso bayan kamar awa ɗaya, tun daga matakala ta ga takalma a ƙofa ta saki jakarta.

Kafin yamma gida ya cika. Aka ce in ɗebo ƙarin kofuna, na nufi kicin. Ƙofar a ɗan buɗe take. Mama na tsaye ita kaɗai gaban murhu, ta ba ƙofa baya, ta buɗe ɗaya daga cikin kwanukan. Tana kai cokali baki a hankali, tana taunawa kamar mai shan magani, kafaɗunta na rawa. Na ja mata ƙofar, na koma ba kofunan.